Ƙiba da Ciwon Zuciya: Abin da Titin Ibrahim Taiwo Ya Nuna Mana



Da aka ɗora mana nauyin yin magana a kan ƙiba, wani abokinmu na ɗakin kwana ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wannan ai ba'a ce: a tara ɗaliban da rabinsu da garin kwaki da ƙuli suke kwana, sa'an nan a ce za a gargaɗe su game da tumbi. Ba mu ga laifinsa ba, gama duk wanda ya dubi wuyan rigunanmu ya san ba mu ne muka cinye abincin ƙasar nan ba. Amma mun roƙe shi ya je gida ya nemo hoton wansa na ranar da aka yaye shi daga jami'a, ya ajiye kusa da wanda aka ɗauke shi bayan shekara biyar da kama aiki a sakatariya. Mutum ɗaya ne, amma sai an lura. To, 'yar tazarar da ke tsakanin hotunan nan biyu ita ce ke gabanmu, mu da ke zaune a wannan zaure, kuma a kanta za mu yi magana.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Kowa a nan ya san Titin Ibrahim Taiwo, wanda aka sa wa sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara da aka kashe ran 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammed. Titin ya ratsa ta Fagge, ga Kantin Kwari a gefensa, Singa da Sabon Gari kuma ba nisa. Wanda ya tsaya a bakinsa da hantsi ya zuba ido, zai ga jiki iri biyu suna giftawa. Ga ɗan dako da dilar atamfa a ka, ga mai ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, jikinsu kamar an murɗa igiya. Ga kuma maigidan da ake yi wa dakon, wanda mota ta sauke shi a ƙofar kanti, ya zauna tun safe, ba zai tashi ba sai salla, abinci ma har gabansa ake kawo masa. Sau da yawa garinsu ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya. Abin da ya raba jikinsu shi ne yadda kowanne yake cinye yininsa, da kuma abin da yake ci a cikin yinin.

Akwai wani kawunmu da ya taka matakan nan biyu duka. Da yaron kanti ya fara, yana kai kaya tasha a ka, har Allah ya buɗa masa ya sami rumfarsa. Cikin 'yan shekaru ya cika ya batse, dangi suna murna, ana cewa kuɗi sun zauna. Yana da shekara 47, wata rana bayan La'asar ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, hannun ya ƙi, baki ya karkace. A gida aka ce iska ce, aka kwana biyu ana hayaƙi, kana aka kai shi asibiti. Da aka auna jininsa lambar sama ta haura 200. Tun da uwarsa ta haife shi, ran nan ne aka fara ɗaura masa abin awon jini a hannu.

Abin da idonmu ke gani a Fagge, wani likita ya taɓa ƙidaya shi a birnin Landan. A 1953 Jeremy Morris ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri kimanin 31,000. Motocin bas na Landan masu bene ne, direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Albashinsu bai yi nisa da juna ba, unguwanninsu ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba, kuma ya fi saurin kashe su. Aka ce masa ai direbobi dama sun fi ƙiba. Sai ya je ya duba awon wandunan da hukumar sufuri ke ɗinka wa ma'aikatanta, ya tarar lalle ƙugun direbobi ya fi faɗi, amma ko an haɗa kwandasta da direba masu ƙugu ɗaya, kwandastan ya fi tsira. Watau motsi da kansa yana kare zuciya, ko bai rage nauyi ba. Mu tuna da wannan in mun ga direban Adaidaita Sahu da ya wuni a kan kujera, ko kuwa in mu ma an ba mu tamu kujerar.

Yanzu bari mu ɗaga kai daga titi ɗaya mu dubi ƙasa baki ɗaya. Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita, a sake raba abin da aka samu da tsawon. In lissafin ya kai 25 nauyi ya wuce kima, in ya kai 30 ƙiba ta zama cuta, in kuwa bai kai 18.5 ba mutum ya rame. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 in ya wuce kilo 72 ya shiga rukunin farko, in ya kai kilo 87 ya shiga na biyu. Da wannan ma'auni Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta auna mata masu shekara 15 zuwa 49 a babban binciken lafiyar iyali na 2018, ta sami 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, 12 cikin 100 kuma sun rame. Amma rabon bai zo daidai ba. A shiyyoyi uku na kudu, masu nauyin da ya wuce kima sun haura ɗaya cikin uku. A Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Haka nan kuma matan birni sun fi na karkara ƙiba, masu hali sun fi talakawa.

Mai gaggawa zai ce to madalla, wannan cutar 'yan kudu ce, ta masu teba da manja, sai a je Sabon Gari a yi musu laccar. Muna ganin wannan fassara kuskure ce, kuma mai haɗari. Da farko, maganar ƙabila ba ta taso ba. A 1997 Farfesa Richard Cooper na Jami'ar Loyola a Shikago, shi da abokan aikinsa, suka fitar da awon jinin baƙar fata a wurare uku: Afirka ta Yamma, ciki har da Nijeriya da Kamaru, da tsibiran Karebiyan irin su Jamaika, da kuma Amurka. Asalin mutanen nan ɗaya ne, cinikin bayi ya warwatsa su. Masu hawan jini a Afirka ta Yamma 16 ne cikin 100, a Karebiyan 26, a Amurka 33, kuma lambar tana hawa ne tare da hawan ƙiba da yawan gishiri a abinci. Ashe jini ɗaya yakan ba da sakamako uku in an sāke masa tukunya da sana'a. Bahaushen da ya bar gona ya zauna a kanti ya yi ƙaura irin wannan, ko da bai tsallake Kwanar Dangora ba.

Na biyu, ƙarancin ƙibar da lissafi ya ba Arewa ba shaidar lafiya ba ce, yawancinta yunwa ce. Binciken nan na 2018 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar 57 cikin 100 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, alhali a Kudu maso Gabas 18 ne. A nan ne abin ya fi ba mu tsoro. A ƙarshen shekarun 1980 wani likita a Ingila, David Barker, ya tono tsofaffin littattafan ungozomomi na lardin Hertfordshire, ya bi sawun jariran da aka rubuta a ciki har tsufansu, ya tarar waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Bincike da yawa sun biyo baya sun ƙarfafa maganar: jikin da ya ginu cikin rashi, in wadata ta auko masa da girma, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon suga. 'Yan'uwa, wannan ai tarihin da yawa daga cikinmu ne. An haife mu a ƙauye a shekarar da damina ta yi gardama, ga mu yanzu muna jiran takardar ɗaukar aiki da abin da ke biyo bayanta.

To, me ƙiba ke yi wa zuciya? Zuciya tsoka ce da ba ta fi dunƙulen hannu ba, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kamar lita 5 kowane minti in mutum yana hutawa. Duk kilon da ya ƙaru, sabon fili ne da sai ta kai masa jini. Kitsen da ya fi ɓarna shi ne na tumbi, wanda ke kewaye hanji da hanta, gama shi ke hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata, ya kuma ɓata kitsen da ke yawo cikin jini. Gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, jijiyoyi su matse. Sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, bangonta ya yi kauri, a kwana a tashi ta gaji. Daga nan sai haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai an jingina da matashi. Ko kuwa wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe, ɓarin jiki ya shanye. Mugun halin hawan jini shi ne ba ya sallama. Mutum zai yi shekara goma da shi ko ciwon kai babu. Hausawa sun ce jiki magayi, amma a wannan cuta magayin yakan makara.

Wani bincike da aka buga a 2012 a kan majinyata dubu ɗaya da 'yan kai a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne kacal, lokacin da magidanci ke tsakiyar biyan kuɗin makaranta. Wani kuma mai suna SIREN, da aka yi a asibitocin Gana da Nijeriya, ciki har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya jera abubuwan da ke tare da shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ne babba, sa'an nan akwai faɗin ƙugu, da ciwon suga, da cin nama kullum, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da rashin motsa jiki, da ƙarancin cin ganye. Wannan na ƙarshe ya kamata ya ba mu kunya, mu da Allah ya hore wa zogale da rama da alayyahu da kuka da yakuwa, amma muka mai da su abincin wanda ba shi da yadda zai yi.

Maganar gishiri kuwa Fagge ta fi kowa saninta. Tun zamanin da, nan ne zangon Azbinawa da ke sauke kantun gishirin Bilma daga bayan raƙuma, bayan tafiyar makonni cikin hamada. Abin da aka sha wuya haka kafin a samu, ba a zuba shi da ganganci. Yau ya zama mafi arha a cikin kayan miya, kuma yana shigo mana ta ƙofofin da ba mu lura da su ba: dunƙulen magi da ake jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, da ƙullin da ke cikin ledar taliyar mai shayi, da yajin tsire, da kilishi, da biredi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da duk waɗannan. Kakanninmu da daddawa suke gyara miya, ba mu ji an ce ba su ƙoshi ba.

A nan dole mu ɗan ratse, domin kada a ce duk ciwon zuciyar Arewa na masu tumbi ne. A shekarun 1970 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka ba da labarin wata gajiyar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wadda ta yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Suka ɗora zargi a kan kunun kanwa, saboda kanwa 'yar'uwar gishiri ce, da kuma zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya karkata hankali ga rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Masana na ci gaba da tattauna rabon kowanne. Abin da ya shafe mu shi ne, a gida ɗaya ana iya samun maigida da ƙiba ta gajiyar masa da zuciya, da amarya da rama ta gajiyar da tata.

Suga ma haka. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da kimanin giram 50, cokali goma sha biyu ke nan, wanda shi ne iyakar abin da aka yarje wa babba a yini ɗaya. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, amma ba mu ga wanda naira goma ta hana shi ba. Ga kuma shayin safe mai madara da suga har cokali ya kusa tsayawa. Wanda ya ga buhunan suga da fulawa da jarkokin mai da ake lodawa a Singa kowace safiya, ya ga abin da zai shiga jinin mutanen jihohi da dama a makon nan.

'Yan'uwanmu mata, a gafarce mu, akwai wata magana da ba za mu tsallake ba. Son cikar jiki tsohon abu ne a Afirka. Efik na Kalaba suna da ɗakin kiwon amarya, a Muritaniya ma an san ɗura wa 'yan mata abinci kafin aure. Namu salon na yanzu ya fi muni, domin ƙwaya ake sha, wadda ake kira sha-ka-fashe. Daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai wadda asalinta maganin kumburi ce da likita kan bayar na ɗan lokaci. In aka daɗe ana sha sai fuska ta kumbura, jiki ya tara ruwa, jini ya hau, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Mu maza kuma kada mu yi dariya, gama bakinmu ne ke yabon abin da ke tura su kantin magani.

Kada kuma wani ya fita daga nan da zaton ɗan dako ya tsira don yana zufa. A farkon shekarun 1970 yankin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan yana cikin wuraren da ciwon zuciya ya fi kashe maza a duniya, alhali yawancinsu manoma ne da masu saran itace, ƙarfafa. Man shanu da gishiri da taba ne suka ci su. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska, aka shiga ƙauyuka da ƙungiyoyin mata da masana'antun abinci, aka sauya girki, aka yaƙi taba, aka yawaita awon jini. Cikin shekara arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki ta wannan ciwo ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Mun kawo wannan ne don ya nuna abu biyu: motsi ba ya wanke abin da baki ya ɓata, kuma yanki guda yana iya sauya lissafinsa cikin rayuwar mutum ɗaya.

Motsin da ake nema ba mai yawa ba ne. Minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wadda za ta sa numfashi ya ɗaga amma ba ta hana magana ba, watau rabin awa sau biyar. Mun san uzurin da za a kawo, kuma wasu na gaskiya ne. Rana tana da zafi a watan Afrilu. Titunanmu an yi su ne don mota, inda aka bar wa mai ƙafa kuma 'yan tebur sun cinye, har tafiya a Titin Ibrahim Taiwo da azahar ta zama kokawa da Adaidaita Sahu. Mace kuwa in ta fito tana sauri da takalmin gudu sai unguwa ta ɗauka. Ga kuma wani girman kai da ke cewa ma'aikaci mai mataki na takwas ba ya tafiya a ƙasa, kada a ce ya tsiyace. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mutane da yawa sun koma tafiyar dole, suna yi suna tsaki. Da za su ci gaba da ita ran da aljihu ya warware, da sun ci riba daga wahalar. Bayan Asuba gari da sanyi, hanya ba cunkoso. Masallacin da ke gaba da na ƙofar gida ma yana karɓar salla. Dutsen Dala yana nan, ba a kulle shi ba.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai guda biyu ne. A nemi 'yan'uwanmu masu karatun likita da aikin jinya su riƙa kafa tebur a farkon kowane zango suna auna jinin duk mai so, ɗalibi ko ma'aikaci, a rubuta masa lambarsa a takarda, wanda aka samu ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya a tura shi asibiti. Sa'an nan a nema wa 'yan'uwa mata lokaci nasu na kansu a filin wasa. Ku kuma yayyenmu ma'aikata, in kun koma gida ku ɗauki iyayenku ku kai su awo, kada ku jira ranar da kofi zai gagari hannu. Kawun nan namu yana raye, yana jan ƙafa da sanda daga gida zuwa masallaci bisa umarnin likita, babban ɗansa kuma ya bar makaranta ya zauna a rumfar, a kan kujerar nan dai.

Mun zo da ƙullin igiya, yana kan teburin da ke bakin ƙofa tare da almakashi. Kowa ya yanki daidai tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka biyu, ya zagaya cikinsa da ita ɗan sama da cibiya, ba tare da ya shanye numfashi ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu, ƙugu bai wuce rabin tsawo ba, haka ake so. In sun ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gaban mai igiyar. Wanda ke jin kunyar gwadawa a gaban jama'a ya sa tasa a aljihu ya tafi da ita ɗaki.